Roba-Roba

Wata goma sha huɗu ina zubin adashi,
ina wuce mai tsire kamar muna gaba.
Ran da kwasa ta zagayo kaina
na nufi Dilimi, kuɗina cikin safa.

Manya na jere, baƙaƙe, masu gurnani.
Yaron shago ya dafa ɗaya:
"Malam, in ka murɗa wannan,
Bukuru ta zama ƙofar gida."
Na auna tsawon ƙafata,
na auna arba'in da ukun da ke wuyana,
na nuna 'yar shuɗiya a lungu,
ta hannu ce, madubinta ɗaure da waya.

Ban hau ba.
Turo ta na yi har Rikkos,
gumi na zuba cikin sanyin Jos,
kamar mai jan tunkiyar layya.

Baba Dalyop, makaniken layinmu,
mai ɗingishin da bai son a tambaya,
ya zagaye ta sau biyu, ya matsa taya,
ya ce, "Tafiya ko jaki ya iya.
Tsayawa za ka fara koya."

Kwana tara muna filin makaranta
bayan an tashi, ni da shi da ƙasa.
Giya ɗaya, birki. Giya ɗaya, birki.
Na ƙafa da na hannu tare, kar ka damƙe na gaba.
Ɗalibaina a kan katanga suna leƙe,
waɗanda nake cewa su maimaita har su iya.
Ran na huɗu na sha ƙasa,
salansa ta yi min hatimi a ƙwauri,
suka kwashe da dariya, ni ma na taya.

Hular kwano ta ci kuɗin buhun dankali.
Talatu ta ce, "Ka kifa tukunya a ka."
Na ce, "Abin da ke ciki ba a sayar da shi a Katako."
Ita ce kuma ta kama bakin babbar rigata,
ta ce, "Naɗe wannan, sarƙa ba ta san ado ba."
Silifa ya koma na alwala.
Na yi lamba, na yi takarda,
don kar gabana ya faɗi in na hango shinge.

Sai titi.
Ashe titi littafi ne mai ƙananan baƙi:
yashi kwance a kwanar Gangare,
mai keke da zai tsaya ba sallama,
akuya mai shawara a tsakiyar hanya,
ƙofar motar da za a buɗe ba a waiwaya ba.
A Farin Gada tirela ta tsaya gefena,
na ɗaga kai ban ga idon direba ba,
na tuna Baba: "In ba ka gan shi a madubinsa ba,
a wurinsa ba a haife ka ba."
Na ja baya, na bar ta ta sha kwana.

Samari na wuce ni kamar walƙiya,
"Baba, sauka ka tura mana!"
Ba na tankawa.
Wata Laraba a titin Bauci
na ga takalmi ƙafa ɗaya, da ɓaraguzan fitila,
mutane sun yi cirko-cirko.
Ban san na wane ne ba.
Na dai isa gida ban iya cin tuwo ba.

Ruwan Agusta in ya sauko da ƙanƙara
kwalta kan koma miyar kuɓewa.
Nakan faka a rumfar mai tumatir,
mu yi hirar tsadar taki har ya tsagaita.
In an ce na makara, na makara.

Jiya Hanne, autata, ta riƙe min kai:
"Abba, yaushe za ka ɗauke ni?"
Na ce, "Sai hannuna ya daina rawa a shataletalen Taminus,
sai na sayo hula daidai kanki."
Ta turo baki, ta shige ɗaki.

Amma uwarta ta ce min
tun la'asar take zama a dakali,
ta san kukan injina cikin injina ɗari,
wai nawa ne mai zuwa a hankali.